Gwajin Hanci a Zauren Maiturare

Duk wanda ya yi sallar Juma'a a Daura cikin shekaru arba'in ɗin nan, da wuya a ce bayan hannunsa bai taɓa faɗawa hannun Ɗantsoho Maiturare ba. Ba ya neman izini. Ka miƙa masa hannu ku gaisa, sai ya riƙe, ya juya shi, ya zaro tsinken gilashi daga kwalba ya goga maka. Daga nan ya zuba maka ido har sai ka kai hanci. Ka saya ko kada ka saya, wannan bai dame shi ba. Abin da yake jira shi ne ka ce ma sha Allah, kuma kowa yana cewa.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa kayan da matata ta shanya ba su taɓa bukatar turare ba. An sa masa Ɗantsoho ne don mahaifinsa ya haura saba'in aka haife shi. Mahaifin nasa majemi ne, kuma Ɗantsoho yakan ce shekara goma sha biyar ya yi yana shaƙar warin jima, hancinsa ya gama shan azabarsa ta duniya tun yana ƙarami, abin da ya rage masa hutu ne. Ya fara da ɗan akwatin gilashi a ka, ranar kasuwar Zango yana Zango, ranar ta Dutsi yana Dutsi, har ya kai ga rumfa. Matarsa Hajo ita ke haɗa humra da turaren wuta a cikin gida, ita kuma ke ɗura masa turare a ƙananan kwalabe, don ya ce hannunta ba ya rawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, hancin nan ya zama mufti. Mutanen da suka shekara da shekaru suna fesa duk abin da suka samu, kwatsam suka fara tambaya ko akwai giya a ciki. Sai ka ga babban ma'aikaci, da sabon gemun da bai gama yanke shawarar inda zai dosa ba, ya zaro kwalba daga aljihu a ɓoye ya miƙa masa. Ɗantsoho ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce wannan a yi salla da shi, wancan kuwa a ba direba ya goge gilashin mota. Ba a ɗaukaka ƙara.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, bayan turare, shi ne dubiya. Mutum ba ya kwanciya ciwo a unguwarmu Ɗantsoho bai je ba. Wani lokaci yakan riga ciwon ma yin ƙarfi. Na taɓa yin atishawa uku a jere a tsakar gidana, ban kai ga ta huɗu ba na ji sallamarsa. Yakan hau babur har garin Babban Mutum don duba uwar wani da ya taɓa sayen almiski a wurinsa sau ɗaya. Ya zauna, ya yi addu'a, ya goga wa majinyaci turare, ya goga wa mai jinya, idan malamin asibiti ya gifta shi ma a riƙe masa hannu.

Bayan Babbar Sallar shekarar dubu biyu da goma sha tara muryarsa ta dishe. Garin nan kuwa kowa likita ne idan ciwon ba a jikinsa yake ba. An ba shi zuma da lemun tsami, an ba shi kanumfari, an ba shi citta da man shanu. Wanzamin unguwa ya leƙa bakinsa ya ce beli ne, sai da aka tuna masa cewa kakan shi wanzamin ne ya cire belin nan da hannunsa tun Ɗantsoho yana cikin tsumma. Wata biyar ana haka, muryar kullum sai ƙara shigewa ciki take yi. Daga ƙarshe Hajo ta ce ba ta ƙara dafa citta, asibiti za a je. Daga nan aka tura su wani babban asibiti a Kano.

A can suka haɗu da Dakta Zakiyya, likitar kunne da hanci da maƙogwaro, wadda Ɗantsoho ya ce ba ta kai 'yarsa ta fari ba. Ta zura masa wata siririyar igiya mai kyamara ta hanci, abin da har yau bai yafe ba, daga baya aka yanko ɗan nama aka kai awo. Sakamako ya fito: ciwon daji ne, a kan ɗaya daga cikin tantani biyun da ke fitar da murya. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Idan aka yi aiki da wuri, wurin da ya kamu kawai za a cire, ya ci gaba da magana ko da a dishe. Idan ciwon ya yaɗu, sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya, a huda masa ƙofa a gindin wuya ya riƙa numfashi ta nan. Ba murya ke nan. Kuma tunda iska ba za ta ƙara bi ta hanci ba, jin ƙamshi ma zai tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Hajo ta ce da aka ambaci murya ko gezau bai yi ba. Da aka zo kan hanci sai ya ce likita ta maimaita.

Aka sa rana. Kafin ranar ta zo, korona ta riga ta. Aka rufe Daura, aka rufe Kano, aka rufe hanyar da ke tsakaninsu. Asibitin ya dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, musamman na maƙogwaro, don nan ne cutar take zama, likitan da ya buɗe shi kamar ya tura kansa cikinta ne. Azumi ya zo ya wuce muna kulle a gida. Ɗantsoho yana zaune yana lissafa mutanen da ke kwance a garin nan ba wanda ya je ya duba su, wannan ya fi cin ransa a kan nasa ciwon.

Damina ta kankama sannan Dakta Zakiyya ta bugo waya. An buɗe ɗakin tiyata, mutum biyu kawai ake yi a mako, kuma ta samar masa gurbi nan da kwana goma sha bakwai. Sai dai akwai sharaɗi. Kwana goma sha huɗu ba zai haɗu da kowa ba sai matarsa. Bayan nan a ɗauki gwajin korona. In ya fito ba shi da ita, a yi aiki. In yana da ita, ba za ta sa masa wuƙa ba, don mai korona idan aka sa shi barcin tiyata yakan wuce daga nan, kuma gurbin wani za a ba. Ya ce ya ji. Ta ce a miƙa wa Hajo wayar, ta sake faɗa daga farko.

Ban san wanda ya fitar da labarin ba. Matata ta ce ni ne. Ko ma wane ne, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa za a yanka wa Maiturare wuya a Kano. To, a nan idan za a yi wa mutum babban aiki, ba dubiya kaɗai ake zuwa ba, ana zuwa a yafi juna. Ga kuma shekara arba'in na dubiyar da ya shuka a ƙasar Daura, duk ta nuna lokaci ɗaya. Babura suka fara tsayawa a ƙofar gida.

Ranar farko Hajo ta danna wa zaure sakata. Mutum ya yi sallama, ta amsa daga ciki, ta ce an gode, likita ta hana. Ɗantsoho yana ɗaki yana gane kowa da muryarsa. Da ya ji wani dattijo da ya taso tun daga Babban Mutum cikin yayyafi ya yi sallama uku ya tayar da babur ya juya, sai ya ture kwanon tuwo. Rana ta biyu ma bai ci ba. Ya ce wa Hajo shi bai ga amfanin maƙogwaron da za a gyara ba, idan mai shi ya zama mutumin da ake kora baƙi daga ƙofarsa.

A rana ta uku rediyo ta kawo masa mafita. Wani likita yana bayani ya ce cikin alamomin korona akwai ɗaukewar jin ƙamshi. Ɗantsoho ya miƙe zaune. Hajo ta ce rabon da ta ga fuskarsa haka tun ranar da aka kira sunansa a jirgin Makka. Ya ce ashe duk wannan gwajin da gwamnati take aikawa Abuja a jira mako guda, ga shi nan jere a akwatinsa. Duk wanda ya zo, a goga masa turare. In ya ji, lafiyarsa lau, ya zauna. In bai ji ba, ya juya.

"Malam, likita cewa ta yi kowa," in ji Hajo. "Ba ta ce ban da masu hanci ba."

"Ita ta karanta hanci a takarda, Hajo. Ni da shi na ci abinci shekara arba'in."

Ta ce za ta buga wa likitar. Ya ce ta buga, amma ta sani shi ma yana da bakin da zai ce ya fasa aikin. Ta san halinsa, tana kuma tsoron yunwar da yake yi wa kansa. Ta zare sakata.

Ni ne na uku da aka gwada, don haka na ga tsarin da idona. Yana zaune a kan buzu a tsakiyar zaure. Ka shigo da takunkuminka a fuska kamar yadda hukuma ta ce. Ka durƙusa gabansa, ya kama hannunka ya goga. To, ba a shinshina da takunkumi, sai ka sauke shi zuwa haɓa. Ka ja numfashi mai tsawo, ka sake shi a fuskarsa, tunda ya matso yana duban idonka. Ka ce ma sha Allah. Shi ke nan ka ci jarrabawa, ka nemi wuri a tabarma, takunkumin kuma ya ci gaba da hutawa a haɓa tunda an tabbatar kana lafiya. Wasu ma da suka ci, sai su matso su yi masa tofi a wuya.

Kwana shida ana wannan, ba a samu mutum ɗaya da ya faɗi ba. Ɗantsoho ya ce wannan ya nuna cutar ta bar ƙasar Daura, sai dai ba a sanar da Abuja ba. Wani ya ba da shawarar a kai tsarin tashar mota.

Wanda bai taɓa fashi ba shi ne Hamma, dillalin hatsi daga Zango, amininsa tun suna makarantar allo. Kullum da hantsi ya iso, ya miƙa hannu yana cewa tsohon banza, yanzu kai ne hukumar lafiya? Ɗantsoho ya raɗa masa da 'yar muryarsa cewa wanda ya shekara yana shaƙar ƙurar gero ai ba hanci gare shi ba, rariya ce. Hamma ya shinshina, ya yaba, ya zauna daf da shi har azahar, yana ɗan jan majina, ya ce ruwan sama ne ya doke shi a hanya.

A rana ta tara miyar Hajo ta kama. Ita da kanta ta ce ƙaurin har ya kori kaji daga tsakar gida. Mutumin da a da yake tsayawa a bakin lungu ya faɗi abin da aka dafa a gidansa da abin da aka manta ba a sa ba, ya cinye tas ya nemi ƙari. Hajo ta kwashe kwanon. Washegari da safe ta ɗauko sabuwar kwalba daga kwali, wadda turare bai taɓa shiga ba, ta cika ta da ruwan randa, ta miƙa masa ta ce sabon ambar ne da aka aiko daga Kano.

Mu goma sha biyu ne a zauren ran nan. Na ji ana yabon ruwan randar Hajo yadda ba a taɓa yabon ruwa ba tun da aka haƙa rijiya a garin nan. Wani ya ce sanyinsa ya kai masa har ƙwaƙwalwa. Wani alhaji ya ce ya tuna masa da wani shago a Madina, har ya kwatanta layin. Hamma ya ce wannan ɗan Indiya ne, ko makaho ya sani. Da aka zo kaina, gaskiya ban ji komai a hannuna ba sai albasar ƙosan da na ci. Amma ga dattijo marar lafiya ya kafe ni da ido, kwalbarsa a hannu. Na ce ma sha Allah, har na ƙara da tambayar ko akwai babbar kwalba.

Daga ƙarshe shi ma ya goga a nasa hannun. Ya shinshina, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya ce ambar ne mai kyau, sai dai bai gama kwanciya ba, a ba shi wata guda.

Da aka watse don sallar azahar, ina neman takalmina, sai na ji muryar Hajo daga bayan ƙofar cikin gida. Ta ce Malam Lawal, dakata ka zama shaida. Sannan ta ce da mijinta ya ɗiga abin da ke kwalbar nan a harshensa. Ya ce turare ake sha? Ta ce ya ɗiga dai. Ya ɗiga. Ya daɗe yana kallon kwalbar. Sai ya jawo akwatinsa ya buɗe almiski ya kai hanci, ya buɗe sandal, ya buɗe wani baƙin turare da ya taɓa ce min ko gawa aka goga wa sai ta yi motsi. Yana buɗewa yana ajiyewa ba ya rufewa, shi da ba ya barin kwalba a buɗe ko na ƙiftawar ido.

"Tun yaushe, Malam?" in ji Hajo.

"Shekaranjiya. Na ɗauka hancin ne ya gaji."

Ya juyo gare ni. "Lawal, kai ma ba ka ji komai ba?"

Na ce ban ji ba, Baba.

"Ka kuwa nemi babbar kwalba."

Na sa takalmina, na ji an danna sakata a bayana.

Gwajin hukuma ya tabbatar da abin da randa ta riga ta faɗa. Hajo ce ta gaya wa Dakta Zakiyya yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Ta ce daga wajen likitar sai ta ji wani sauti da ba ta tantance ko dariya ce ko kuka ba. Aka ba wani majinyaci gurbin. Cutar ba ta kayar da shi ba, zazzaɓin kwana uku ya yi, Hajo ta yi na kwana biyar, ni ma na yi nawa a ɓoye. Amma gwaji na biyu ya sake nuna tana nan, na uku ne ya wanke shi, sannan aka shiga jiran sabon gurbi. Hancinsa ya dawo a mako na huɗu. Hajo ta ce a kwanakin nan ba abin da bai shinshina ba: ƙasar da ruwa ya jiƙa, ɗanyen gero, kan jikokinsa, har tsohuwar fatar da mahaifinsa ya bari.

Sai bayan mako goma aka koma Kano. Kyamara ta nuna ciwon ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ya kama guringuntsi. Likitar ta ce ba za ta rantse cewa jinkirin nan kaɗai ne ya jawo ba, tunda an riga an yi na kulle, amma ba za ta ce bai taimaka ba. Aka yi babban aikin, awa bakwai, likitoci cikin rigunan leda kamar masu feshin gona. Ba a bar kowa ya shiga dubiya ba, kuma a can masu gadin ƙofa ba su san kunya irin tamu ba. Sai kuma aka yi makonni ana gasa wurin da na'ura, sannan aka sallamo shi. An ce an kwashe ciwon duka.

Ya dawo da ɗan farin ƙyalle da Hajo ta ɗinka masa yana rufe ƙofar wuyan. Ba ya magana, sai ya yi rubutun ajami a bayan kwalin turare. Yanzu Hajo ce ke tsara dubiya: mutum bibbiyu, daga bakin ƙofa, takunkumi a kan hanci, kuma ba wanda ya yi mata gardama, har shi.

Hamma bai zo ba sai da aka yi mako uku. Da ni aka haɗa shi. Ya tsaya a bakin zaure, ba tsokana, ba tsohon banza. Ya ce yana da maganar da ta hana shi sakat. Tun ranar farko da ya zo gwajin nan, in ji shi, hancinsa a toshe yake, tuwo ma kamar yashi yake jinsa. Ya sani sarai. A hanya kullum yakan ce yau zai faɗa.

"Amma in na iso ka kama hannuna ka zuba min ido, Ɗantsoho, ta ina zan fara? In ce maka turarenka ba ya ƙamshi? A gaban mutane? Ban sani ba ko ni na kawo maka. Ka yafe min."

Ɗantsoho ya dube shi, iska tana ɗaga ƙyallen wuyansa tana saukewa. Ya jawo kwali ya yi rubutu a hankali, ya miƙo min, don idon Hamma ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Na karanta da ƙarfi: "Ni da na yabi ruwan randa a gaban mutum goma sha biyu, wa zan riƙe? Na yafe. Amma ɗan Indiya, Hamma? Ko ƙarya za ka yi, ka yi ta masu hanci."

Hamma ya yi dariya har ya jingina da bango, daga nan dariyar ta juye ya sa hannun riga a ido. Shi kuwa Ɗantsoho kafaɗunsa ne kawai suke rawa, ba sauti. Hajo ta bar su suka wuce lokacin da ta saba bayarwa, sannan ta ce daga ciki akwai mutum biyu suna jira a waje, daga Dutsi suka zo.